Filashin mai gyara ne ke zaɓa mana manhaja

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Babu kwamfutar da ta mutu a Kaduna saboda haka. Washegari masu buga takardu a Tudun Wada sun buɗe shagunansu, ɗaliban jami'ar jiha a titin Tafawa Balewa sun ci gaba da fama da furojet, sakatarori a ma'aikatun titin Independence sun kunna injinansu kamar kullum. Abin da ya canza ido ba ya ganinsa. Daga ranar, duk ɓarakar da aka gano a jikin manhajar ba za a ƙara aiko da abin toshe ta ba, sai ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma ga ɗaiɗaikun mutane na shekara guda ne, zuwa Oktoba 2026.

Kamfanin ya ce a koma Windows 11, amma ya gindaya sharuɗɗa. Dole injin ya kasance yana da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarsa, idan ta Intel ce, ta zama daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a rabin ƙarshe na 2017. To, je ka duba abin da ke jere a shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Gumi. Za ka ga HP EliteBook 840 G3, da Dell Latitude E7470, da ThinkPad T460, har da tsohuwar Folio 9470m da ta ƙi mutuwa. 'Yan Baljiyam ne, ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu suka sauke, suka biyo ta Legas suka iso mana. Suna da ƙwari, sun fi wasu sababbi na cikin kwali juriya, amma a lissafin Microsoft duk sun tsufa. Tun da aka saki Naira a Yuni 2023 kuwa, sabuwar laftof ta fi ƙarfin malamin makaranta da ɗan bautar ƙasa. Waɗannan injina za su daɗe a hannunmu. Abin da ya rage a tattauna shi ne me za a zuba musu.

A garin nan ba mai kwamfuta ne ke yanke wannan hukunci ba. Mutum ya saya, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Injiniya, a sa min komai da komai." Yaro ya ce, "An gama, Alhaji," ya zaro filashi daga aljihu. Abin da ke cikin filashin nan shi ne makomar kwamfutar: Windows, da Office, da CorelDRAW, da Photoshop, da Chrome, da VLC, da Smadav ɗan Indunusiya mai korar bairos, sannan wata 'yar manhaja da ke yaudarar Windows ta ɗauka an biya ta. Idan injin bai cika sharaɗin Windows 11 ba, akwai hanyar zagaye, manhajar Rufus na yin ta cikin minti kaɗan, ko da yake Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan injina sabuntawa ba. Mai kwamfuta ya biya ladan aiki ya tafi gida. Bai zaɓi ko ɗaya daga cikin manhajojin ba, da yawansu ma ba zai taɓa buɗe su ba har injin ya bar hannunsa.

Wannan ne ya sa hujjar da masu son Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke iya maye gurbin Windows, suka fi yawan kawowa ba ta da kasuwa a nan. Suna cewa ba a biyan ko sisi. To Windows ɗin filashi fa, nawa ake biya? A Jamus ko Faransa, inda ofis zai sayi lasisin kowace kujera, batun kuɗi yana da nauyi. A Kawo da Unguwan Dosa duka biyun farashinsu ɗaya, ladan mai gyara. Wanda zai ja hankalin mutanen Kaduna zuwa buɗaɗɗiyar manhaja sai ya nemi wata hujjar, kuma akwai ta, ta ma fi ta kuɗin ƙarfi.

Manhajar da aka fasa, wani ne ya fasa ta, kuma ba ka san shi ba. Don ta shiga, yaron shago yakan fara kashe mai gadin Windows, domin in ba haka ba zai kama ta a matsayin ɓarauniya. Masu binciken tsaron intanet sun sha kama kwafin KMSpico, wadda aka fi amfani da ita wajen wannan yaudara, ɗauke da abin satar lambobin sirri. A kan irin wannan injin ne mutum zai shiga asusun bankinsa, ya biya kuɗin makaranta ta Remita, ya ajiye hoton katin ɗan ƙasa na iyalinsa duka. Sannan ga masifar da kowane ɗalibi ya sani, bairos ɗin filashi mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Ka kai aikinka shagon buga takardu, ka dawo da cuta. Wata uku, wata huɗu, injin ya fara jan ƙafa, a koma wa Injiniya ya yi fomatin, a sake zuba abin da ya kawo matsalar tun farko. Wasu sun ɗauka haka kwamfuta take, kamar yadda ruwan sama ke zuwa da damina.

Linux ya fito ne daga hannun Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, a 1991, ya haɗu da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro a 1983. Ƙa'idar ita ce rubutun da aka gina manhajar da shi a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya kwafa, ya raba, ba tare da ya saɓa doka ba. Daga nan aka sami iri-iri: Debian a 1993, Ubuntu a 2004 daga kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, Linux Mint a 2006, da wasu ɗaruruwa. Wayar Android da ke aljihun ɗan acaɓa ma a kan zuciyar Linux take tafiya.

Matasan da suka ɗanɗana abin sukan ɓata dare guda suna musu kan wane iri ya fi. Ni dai a wurina wannan musu gajere ne. Ga wanda ya saba da Windows, kuma injinsa ɗan Baljiyam ne, Linux Mint ya wadatar. Fuskarsa ta yi kama da abin da ya sani, zubi na 22 zai ci gaba da samun kulawa har 2029, kuma idan ram ɗin injin giga 4 ne akwai samfurin Xfce mara nauyi. Wanda ya fi son Ubuntu ya ɗauki mai dogon wa'adi, irin wanda ake fitarwa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar. Kali Linux kuwa, da yara ke sawa don a ce musu masu kutse, kayan aikin masu gwajin tsaro ne, ba na rubuta wasiƙa da kallon fim ba. Shi ke nan. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Inda yake saƙar shi ne fayil ɗin da zai bar hannunka ya je hannun wani. Ba mai aiki da kwamfuta shi kaɗai a ɗaki. Akwai malamin da zai duba, akwai mai shagon da zai buga, akwai ofishin da zai karɓa, kuma dukansu a kan Windows suke. Kafin mutum ya tambayi wace babbar manhaja zai sa, ya zauna ya lissafa ayyukan da ke fita daga injinsa da kuma waɗanda ke karɓarsu. Wannan lissafi shi ne zai faɗa masa ko ya sauya ko ya zauna inda yake.

Ɗauki ɗalibar ajin ƙarshe a jami'ar jiha, wato KASU, ko a kwalejin fasaha ta Kadpoly. Aikinta rubutu ne, babi biyar, da jadawali, da jerin madogara. LibreOffice, wanda ya ɓalle daga OpenOffice a 2010, yana yin duk wannan, yana kuma buɗe fayilolin Word ya adana su a tsarin Word. Amma ranar da ta kai fayil ɗin shago aka buɗe shi, sai ta ga shafi 62 ya koma 64, kan babi ya gangaro tsakiyar shafi, lambobin da ke jerin abubuwan ciki sun daina dacewa. Nan take za a ce Linux ne ba shi da kyau. Galibi laifin na salon haruffa ne. Times New Roman da Calibri mallakar wasu ne, ba sa zuwa da Linux, sai injin ya maye gurbinsu da wani, layuka su gurɗe. Maganin ba shi da wuya. Akwai Liberation Serif da aka zana shi daidai faɗin Times New Roman harafi da harafi, akwai Carlito a madadin Calibri, akwai Caladea a madadin Cambria, kuma Times New Roman ɗin kansa ana iya sauke shi ta halastacciyar hanya daga rumbun Ubuntu da Mint. Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, duk takardar da za a buga a fitar da ita a PDF kafin a bar gida. PDF ba ya motsi, yadda ka gan shi haka firintar Tudun Wada za ta fito da shi. Wannan shawara har masu Windows ta shafa, domin Word 2010 da Word 2019 ma ba kullum suke jera shafi iri ɗaya ba.

Akwai kuma ɗabi'ar da makarantun koyon kwamfuta na cikin unguwa suka dasa mana. Ana tura rubutu tsakiya da danna sarari sau ashirin, ana tsallaka shafi da danna maɓallin sauka har sai an gaji. Takardar da aka gina haka ko a wane injin za ta ruguje. Wanda ya koyi amfani da tsarin kanun babi da umarnin raba shafi, takardarsa takan tsallaka daga LibreOffice zuwa Word ba tare da ta ji ciwo sosai ba. Idan kuma malami ya nace sai fayil ɗin Word don ya yi gyara da jan alƙalami a ciki, OnlyOffice ya fi LibreOffice riƙe siffar irin waɗannan fayiloli, shi ma buɗaɗɗe ne. Babi na huɗu, inda kowa ke neman manhajar ƙididdiga ta SPSS, akwai PSPP da jamovi, dukansu suna buɗe fayilolin SPSS, suna kuma yin gwaje-gwajen da yawancin furojet ɗin digirin farko ke bukata. Zotero na tsara madogara a LibreOffice kamar yadda yake yi a Word. A taƙaice ɗalibar nan za ta iya kammala karatunta a kan Mint, muddin wani ya zauna da ita yini guda ya nuna mata waɗannan abubuwa.

Mu masu rubutu da Hausa mun riga mun sha irin wannan darasi, ya kamata a ce mun fi kowa fahimta. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera salon haruffa na Rabiat da Abdalla, kuma ya yi wa marubuta da maɗaba'u babban taimako. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi a zana haruffa masu lanƙwasa a kansu. Sai dai duk littafin da aka buga da su, in ya je injin da ba shi da salon, alamomin asali ne ke fitowa a tsakiyar kalmomi. Har yau akwai rubuce-rubucen wancan zamani da ke kwance a tsofaffin injina cikin wannan hali. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, wadda kowace na'ura ta yarda da ita. Linux na zuwa da allon madannai na Hausar Najeriya a cikin jerinsa, sai dai a zaɓa, kuma salon haruffa irin su DejaVu da Noto da Charis duk suna ɗauke da lanƙwasassun haruffanmu. Masu ajami ma ƙungiyar SIL ta fitar musu da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano, kowa na iya ɗauka. Abin da ya cece mu a nan shi ne tsari buɗaɗɗe da bai dogara ga abin da ke cikin injin mutum ɗaya ba. Haka batun yake ga fayilolin ofis.

Akwai waɗanda zan ce musu kada su taɓa. Mai zanen katin biki da kalandar siyasa da allon talla, rayuwarsa CorelDRAW ce, kuma maɗaba'ar da zai kai wa aiki fayil ɗin Corel take tambaya. Inkscape manhaja ce mai kyau, tana ma iya buɗe wasu fayilolin Corel, amma ba ta mayar da su a tsarin, kuma rarraba launi huɗu na injin bugu ba fagenta ba ne. Wanda zai bar Corel ana saura mako biyu zaɓe ya shirya rasa kwastomomi. Masu zanen gine-gine da ke musayar fayilolin AutoCAD da injiniyoyi su ma haka, babu AutoCAD na Linux, kuma FreeCAD da LibreCAD ba su kai su maye gurbinsa a ofishin da ke da wa'adin kwangila ba. Masu kafe da ke rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, manhajar na'urorin galibi ta Windows ce. Malamin da karatunsa ya rataya a kan Maktaba Shamila ya fara tabbatar da cewa za ta buɗe masa, ko kuma shafinta na intanet zai ishe shi. Akwai Wine, mai ƙoƙarin tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi, ba abin da za a ɗora abincin iyali a kai ba ne. Irin waɗannan mutane maslaharsu ita ce su ware injin sana'a, su rage shigarsa intanet, su daina cusa masa kowane filashi, harkar banki kuma su yi ta a wani wuri.

Su ne marasa rinjaye. Mafi yawan laftof ɗin da ke Malali da Badarawa da Unguwan Rimi aikinsu bai wuce shiga intanet, rubuta takarda, ɗan lissafi a jadawali, kallon fim da sauraron karatu ba. Firefox da Chrome da Zoom da Telegram duk suna da na Linux, WhatsApp kuma ta burauza ake shiga. Wani abin ma, mutane sun daɗe suna amfani da buɗaɗɗun manhajoji ba su sani ba. VLC da ke kowane injin buɗaɗɗe ne. Audacity da ake yanka sautin wa'azi da shi buɗaɗɗe ne. OBS Studio, da matasa ke watsa tafsirin azumi kai tsaye a Facebook da shi, shi ma haka. Shi ya sa nake ganin hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara sauya ƙananan manhajoji tun ana kan Windows. A sa LibreOffice a yi wata guda ana aiki da shi. In bai hana komai ba, ranar da aka sauya babbar manhajar ba za a ji baƙunta ba.

Bambanci mafi girma da sabon shiga zai tarar shi ne inda manhaja ke fitowa. A Windows mun saba da farauta: a rubuta suna a Google, a faɗa shafin da ke da maɓallin saukewa guda biyar, huɗu na ƙarya. A Mint da Ubuntu akwai rumbu guda da masu kula da tsarin suka tantace, suka sa wa kowane ƙunshi hatimi, sai ka buɗe manajan manhajoji ka zaɓa. Tazarar da ke tsakani ita ce ta sayen magani a kemis mai rajista da sayensa a hannun mai talla a tashar Kawo: na tashar ma wani lokaci yana aiki, amma ranar da ya cuce ka ba ka da wanda za ka kama. Rumbun ne kuma ke sabunta komai a lokaci ɗaya, daga zuciyar tsarin har burauza. Wanda ya koma Linux amma ya ci gaba da kwafo umarni daga kowane bidiyon YouTube yana liƙawa a baƙin allo ba tare da ya san ma'anarsa ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Kuma kada wani ya ce Linux ba ya kamuwa da komai. Bairos ɗin filashi dai ba ya tashi a kansa, har ma yakan nuna fayilolin da aka ɓoye a kwashe su, amma saƙon yaudara mai neman lambar katin banki bai damu da wace manhaja kake kai ba.

Sai batun data, wanda masu rubuta jagororin Linux a Turai ba sa tunawa da shi. A Janairu 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100. Faifan Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, na Mint kusan rabin haka, wannan kaɗai dalili ne na zaɓar Mint. Bayan an sa, manhaja ɗaya takan zo ta hanya fiye da ɗaya. Akwai ƙunshin asali na rumbu, wanda ke amfani da kayan da ke cikin injin tuntuni, saboda haka ƙarami ne. Akwai Flatpak da Snap, masu zuwa da kayansu a goye. Ƙaramar manhajar da ba ta kai mega 20 ba a rumbu, ta Flatpak tana iya jawo ɗaruruwan mega a karon farko. Amfaninsu shi ne sukan fi zama sababbi. Ga mai sayen data da ɗari biyar ɗari biyar, ƙunshin rumbu ya fi, ko da zubin bara ne, kuma manajan manhajojin Mint yana nuna wanne ne wanne kafin a danna. Ba kamar Windows ba, Mint ba ya sauke sabuntawa a bayan idonka sai ka ba shi izini, don haka kana iya jira sai dare lokacin garaɓasa. A jira ɗin, amma kada a bari gaba ɗaya, domin tsarin da ba a sabuntawa ya koma gidan jiya.

Kayan ƙarfe kuwa a gwada kafin a yanke. Filashin Mint na iya tayar da injin ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba. A nan za a duba wayales, da sauti, da kyamara, da firinta. Injinan ofis irin ThinkPad da Latitude da EliteBook yawanci komai nasu na tashi da kansa. Masu katin wayales na Broadcom sukan nemi direba, wanda sai an jona waya ta kebul a sauke. Firintocin HP sun fi sauƙi saboda kamfanin na da HPLIP, ko da yake LaserJet 1020 da 'yan uwanta sai an ƙara musu wani ɗan ƙunshi. Canon LBP2900, da ta cika shagunanmu, tana wahalarwa ƙwarai, mai ita ya sani tun yanzu. Batir ma wani lokaci ba ya kai yadda yake kaiwa a Windows, abin da ba ƙarami ba ne ga mutanen da suka ga duhun Oktoba 2024, lokacin da lalacewar layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Mando, ta bar Arewa kwana da kwanaki babu lantarki. Kuma Linux ba ya ƙara wa inji ram. Shafuka goma sha biyar a buɗe a Chrome za su shaƙe giga 4 ko a kan me suke. Sau da yawa canza tsohon faifan ajiya zuwa SSD ya fi kowace manhaja farfaɗo da inji.

Najeriya ta taɓa gwada shigo da Linux daga sama. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 don makarantu, ɗauke da Mandriva Linux na Faransa. A ƙarshen Oktoban shekarar shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa an shirya goge manhajarsu a sa Windows bayan an karɓi kayan. Daga baya asusun USPF, wanda ya ɗauki nauyin 11,000 daga ciki, ya ce yana nan kan Mandriva. A shekarar ne kuma aka gwada kwamfutocin yara na shirin OLPC a makarantar firamare ta Galadima a Abuja. Kafin nan kamfanin Leapsoft ya fito da Wazobia Linux da niyyar yi wa Hausa da Yarabanci da Ibo hidima. Yau ka zagaya shagunan Kaduna ka nemi wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan a filashinsa. Mandriva kansa ya rufe a 2015. An yi ta rigima kan abin da za a zuba a injin, ba a tanadi wanda zai gyara shi ranar da ya ƙi tashi ba, kuma injin da ya lalace hannun Injiniya yake komawa, shi kuwa abin da ya iya shi zai sa.

Birnin Munich na Jamus, da duk kuɗinsa, ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kai injina kusan 15,000 a 2013, sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Jihar Schleswig-Holstein kuma a 2024 ta sanar da ɗauke injina 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Amma wadda ta fi kama da mu ita ce jihar Kerala ta Indiya, inda makarantun gwamnati suka koma buɗaɗɗiyar manhaja tun kafin 2010 kuma ba su juya ba. Sun horar da malamai, sun ware wasu daga cikinsu su horar da sauran, sun rubuta littattafan karatu a kan manhajojin da yaro zai tarar a ɗakin kwamfuta. Yaron da ya tashi a haka, in ya buɗe shago, abin da ya sani ne zai kasance a filashinsa.

Abin mamaki, hukumomin da ke da ikon yin irin wannan a Najeriya a garin nan suke zaune. Hukumar NBTE, mai tsara manhajar karatun kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasa baki ɗaya tun 1977, hedikwatarta a Kaduna take. Cibiyar horar da malamai ta NTI, da aka kafa a 1976, tana kan hanyar Zariya. Kadpoly, da ta samo asali tun 1956, tana yaye masu fasaha duk shekara. Ba ina kiran a yi dokar tilasta Linux ba ne, an ga yadda tilas ke ƙarewa. Abin da zai yi tasiri ya fi haka sauƙi: sashe ya yarda da PDF da buɗaɗɗen tsarin ODF na LibreOffice wajen miƙa furojet, jarrabawar kwamfuta ta tambayi yadda ake tsara takarda maimakon inda wani maɓalli yake a Word, ɗakin kwamfutar da aka rufe don injinansa sun tsufa a buɗe shi a zuba musu Mint, ɗalibai su koyi sawa da gyarawa da hannunsu.

Mai gyara kuwa yana da tambayarsa, kuma halastacciya ce: in injin ya daina dawowa fomatin duk wata huɗu, ina zai ci abinci? Fomatin dai aiki ne da kowane yaro mai filashi ke yi, shi ya sa ladansa bai taka kara ya karya ba. Sa Mint yadda ya kamata, da salon haruffan da suka dace, da allon Hausa, da firintar gida tana aiki, da Timeshift a kunne don a iya komawa baya in wani abu ya ɓaci, da kwashe fayilolin mutum a mayar masa ba tare da ko hoto ɗaya ya ɓata ba, sannan a zauna da shi awa guda a nuna masa hanya, wannan aiki ne da 'yan kaɗan suka iya a titin Ahmadu Bello, kuma wanda ya iya shi zai faɗi farashinsa. Ya ƙara da sayar da SSD da ram. Filashi ɗaya mai Ventoy na ɗaukar Windows da Mint tare, ba sai ya zubar da ɗaya ba. Abin da zai canza shi ne in an ce masa a sa komai da komai, ya tsaya ya tambaya: "Alhaji, wane aiki ake yi da ita, kuma wa ake kai wa?"